Yadda Na Kai Rifkatu Ajin Faransanci

Gozaki

Mun bar gida da asuba, ni da 'yata Rifkatu, a kan babur ɗin maƙwabci. Kwaleji ta ɗauke ta karatun Faransanci ta intanet, wai daga ɗakinka za ka yi. Wanda ya tsara haka bai taɓa ɗaga waya sama yana neman sabis a Gozaki ba. Sharaɗinsu kuwa, wanda bai amsa sunansa ranar farko ba, za a ba wani gurbinsa.

Ta ce za ta tafi ita kaɗai. Na ce a'a. A gidanmu ba a tura yaro wurin malami kamar an aike shi sayen gishiri. Uba ne ke kai shi, ya gaisa, ya ce ga amana.

"Baba, malamar tana cikin kwamfuta."

"To, sai in gaishe ta a can."

Malumfashi

Mun iso da hantsi, muka karya da koko da ƙosai, ni ko ɗanɗanonsu ban ji ba. Mai shagon kwamfutar da muka je ya ce babu wuta, injinsa kuma yana wurin gyara tun makon jiya, amma mu zauna, yanzu za a kawo. Na san "yanzu" ɗin mutanenmu. Muka nufi tasha.

Direba ya ce, "Mutum ɗaya ya rage, Baba." Mutum ɗayan nan sai da ya zama huɗu da buhun masara. A shingen hanya jami'i ya tambayi inda za mu. Na fara yi masa bayani tun daga farko, don kada ya ce na ɓoye wani abu, har Rifkatu ta taka mini ƙafa.

Funtua

Bayan azahar muka sami shago mai inji, an riga an fara. Ga malama a allon, ga kawunan ɗalibai ƙanana kamar hotunan katin zaɓe. Tana kiran suna. Namu Yakubu, can ƙarshe. Da ta kusa, sai hotonta ya daskare, baki buɗe. Mai shago ya ce, "Ba komai, yakan yi haka." Na gode masa da wannan ta'aziyya.

Da hoton ya motsa, ta wuce mu. Rifkatu ta danna alamar ɗaga hannu, ba wanda ya kula, idonta ya kawo ruwa. Na ce ta buɗe mini magana, na sunkuya.

"Malama, sannu da aiki. Yaya iyali?"

Kawunan nan duk suka matso.

"Baban wa ke nan?" Ashe Bahaushiya ce.

"Na Rifkatu Yakubu, daga Gozaki. Tun asuba muke tafe. Ga ta nan, amana ce. In ta yi wasa, kada ki ɓoye mini."

Ta yi dariya, ta duƙa ta yi rubutu. "Na sa sunanta, Baba, na kuma karɓi amana. Rifkatu, rufe masa maganar, mu fara."

Gida

Kafin magariba muka iso lafiya, godiya ga Ubangiji, da direban da ya sa ni addu'a iri-iri saboda gudunsa. Uwar Rifkatu ta tarbe mu a ƙofa.

"An ɗauke ta?"

"An ɗauke ta."

"Ka ga malamar? Mutuniyar kirki ce?"

"Daga wuya zuwa sama dai, ban ga aibu ba."