Jakin Nikandira

Duk wanda ya taɓa sayen zuma a kasuwar birnin Atina, ta layin 'yan albasa, ya san Nikandira. Gajeriya ce mai muryar sanƙira, hannuwanta duk tabon harbin ƙudan zuma. Gidanta na gindin dutsen Himetos. Nan mijinta ya bar mata amyoyin yumɓu da yaro ɗaya, ya tafi tuƙin jirgin yaƙi, teku ta riƙe shi. Ita ke tura hayaƙi, ita ke tacewa, ita ke ɗora tulu a ka ta gangaro gari, zafi da sanyi, har yaron, Telesiyas, ya tsiro gemu.

Ranar da aka sa sunansa cikin mazan unguwa, doka ta mai da shi majiɓincin uwarsa. Haka abin yake a wurinmu: mace ba ta ƙulla cinikin da ya wuce kuɗin buhun sha'ir guda sai da bakin namiji. Ko da ita ta haifi namijin. Ko da ita ta share masa majina.

Shi kuwa Telesiyas warin hayaƙi hawa masa kai yake. Kullum yana rumfar bakin kasuwa wurin malaminsa Filokidis, mai gonaki uku da bayin da bai san yawansu ba, ana ta muhawara kan yadda ake riƙe gida. Da yamma ya dawo, ya tsoma gurasa a zuma, ya juye wa uwarsa abin da ya kwaso.

"Inna, kin san dukiya iri biyu ce? Akwai wadda gida ke buƙata, tana da iyaka, ita ce ta mutunci. Akwai ta 'yan kasuwa, rijiya ce ba gindi, abin kunya ce ga ɗan ƙasa."

"To. Wannan da kake lasa, wace iri ce?"

"Ba za ki gane ba, Inna."

"Ban gane ba. Janye hannunka, kana ɗiga mini a tabarma."

Shekarar da gwiwoyinta suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sai ta sa ido kan jakin Lukinos, mai gawayin da ke zama kusa da ita a kasuwa. Lukinos zai bar sana'a, yana neman mai saye. Zumar da za ta biya tana nan jere a ɗaki. Bakin namiji kawai ta rasa.

"Ni?" in ji Telesiyas. "In tsaya tsakar kasuwa ina buɗe bakin jaki, mai gawayi na ce mini albarka, abokaina na kallo? Ƙara jaki ƙara haɗama ne. Gidan kirki ya wadatu da abin da yake da shi."

"Abin da yake da shi gwiwa biyu ne, ɗan nan, kuma sun ƙare."

Ya yafa mayafinsa ya fice.

Kashegari ta sauke tulu a gaban Lukinos, ta daɗe tana kallon jakin yana kaɗa ƙuda.

"Lukinos, wutsiyarsa nawa?"

"Uwar zuma, rana ce ta buge ki?"

"Doka ta ce buhu guda a ciniki guda. Ta faɗi sau nawa mace za ta yi cinikin? Sayar mini da wutsiya yau. Kasuwa mai zuwa in sayi kunne."

Lukinos ya yi dariya har gawayi ya shiga masa hanci. "Na rantse da Zeyus, da mata na shiga majalisa da tuni an sayar da garin nan tubali tubali! Kawo zumar. Amma kashin da ke fita ƙarƙashin wutsiyar nan naki ne daga yau, ki zo ki kwashe."

Haka aka yi ta yi, tun kakar zaitun har ɓaure ya nuna. Jaki na wurin Lukinos, Nikandira na sayen sa gaɓa gaɓa, kowane ciniki da shaidu maza biyu da ake biya da lasar cokali. Matan layin albasa suka samu abin yi.

"Yau me aka saya, Nikandira?"

"Ƙafar baya ta hagu."

"Kash! Ita ce mai harbin. Da kin bar wa ɗanki ita!"

Ranar da ta sayi kai, Lukinos ya miƙa mata igiya da hannu biyu kamar mai miƙa hadaya. Ta hau, tuluna biyu a gefe, ta haura Himetos ba ta huta ko sau ɗaya ba. Ta ba shi ɓawon wake, ta yi masa rumfa, ta riƙa yi masa hira kamar mutum.

Wata bai cika ba, ta fito da safe ta tarar da turke ba jaki.

"Na kai wa malam," in ji Telesiyas, bakinsa cike da gurasa. "Kin san ba ya karɓar ladan koyarwa, ya ce mai sayar da hikima ɗan tireda ne. Kyauta kawai yake karɓa. Kowa ya kai, ni kaɗai zan riƙa zuwa hannu rabbana?"

"Jakina?"

"Jakin gidan nan, Inna. Gidan nan kuma…" Bai ƙarasa ba, don ya ga ta ɗauki muciya.

"Na rantse da alloli mata biyu, ƙarasa! Gidan nan na wa? Wa ƙuda ya harba? Wa ya sayi kunne, wa ya sayi ƙafa? Ciniki ƙazanta ne, amma abin da ciniki ya haifo in an kira shi kyauta sai ya yi wanka ko?"

Ta rarrafa gari wurin Lukinos. Ya saurara, ya sosa ƙeya, wannan karon ba dariya.

"Shaidu na nan, uwar zuma, ni ma zan rantse. Amma kin san mace ba ta tsayawa gaban alƙalai. Sai majiɓincinta ya kai mata ƙara."

"Wato in roƙi Telesiyas ya kai ƙarar Telesiyas."

"Haka dokar take."

Ta je ƙofar Filokidis. Mai gadi ya leƙo ya ce maigida ba ya ganin matan kasuwa, ya tura ƙyaure.

Yanzu Nikandira ba ta iya gangarowa. Wani ɗan sari daga tashar jiragen ruwa ta Firayus ke hawa har gida, ya ɗauki tulu ɗaya ɗaya a rabin kuɗi, don ya san ba ta da ƙafar zuwa wurin wani. Ta kan zauna a bakin hanya tana korar ƙuda daga bakin tulu. Wani lokaci a ga bawan Filokidis ya biyo da jakin za shi gona, an labta masa kaya har cikinsa na neman taɓa ƙasa. Sai ka ji muryar nan ta cika kwari:

"Kai, ɗan banza! Rage masa kayan nan! Ka faɗa wa maigidanka gadon bayan nan da tsada na saye shi!"