Baba Tsallake, Mai Fiton Ƙasa Biyu

Haihuwa da karatu

An haifi marigayi Baba Tsallake a daminar shekarar 1932, a wani gari na bakin kogi wanda fito da kamun kifi ne sana'ar mutanensa. Mahaifinsa shi ne sarkin fiton mashigin garin, mahaifiyarsa kuwa 'yar masaƙa ce daga ƙauyen ƙetare, don haka ya tashi da kakanni a gaɓa biyu. Laƙabin nan ya danne sunansa na yanka tun yana saurayi, saboda kiran da yakan ƙwala idan jirgi ya cika: "A tsallake!" Ya yi karatun addini a zauren baffansa, sannan ya yi shekara huɗu a elementare, kafin mahaifinsa ya cire shi a 1945 bisa hujjar cewa ruwa ma makaranta ne, kuma wanda ya faɗi jarrabawarsa ba ya maimaita aji.

Aiki da aure

A 1951 ya gaji gora da filafilin tuƙin jirgi daga mahaifinsa. A 1955 ya auri taubashiyarsa, 'yar kawunsa ta ƙetare, maginiyar tukwane. Ba su cika shekara biyar ba Turawa suka naɗe tabarmarsu, kogin da ya zame musu hanya ya koma iyakar ƙasashe biyu. Aka kafa rumfar kwano a kowace gaɓa, da tuta da ma'aikaci mai hatimi, ziyarar surukai ta koma sai da takarda. Bai ɗauki abin da zafi ba. Yakan tsokani matarsa ya ce, "Ashe baƙuwar ƙasa nake aure! Ina fasfonki?" Ita kuma ta ce, "Yana cikin tukunyar da kake ci, Malam."

Rikicin tsibiri

A 1974 aka yi ambaliyar da ta raba kogin gida biyu, ta mayar da fadamar gidaje sittin tsibiri, ciki har da gonarsa. Yarjejeniyar iyaka ta ce inda ruwa ya fi zurfi nan ne iyaka, sai kowace ƙasa ta yi iƙirarin reshen da ya fi mata riba, har aka jibge sojoji suna hararar juna. Da hukumar sulhu ta zauna, ɓangarorin biyu suka amince da shi a matsayin shaida, domin babu wanda ya fi shi sanin cikin kogin. Dattawan garinsu suka same shi a zaure suka ce ya tuna naka sai naka. Ya ce, "Na ji, amma gora ba ta da dangi."

Kwana uku yana awon zurfin rassan biyu da gorarsa a gaban wakilai, sakamako ya nuna reshen da ke kusa da garinsu ya fi zurfi da kamu biyu, wato tsibirin ya faɗa wa ƙasar ƙetare. Ya faɗi haka ba tare da inda-inda ba. Buƙata ɗaya ya gabatar, cewa a bar kowa ya noma gonar ubansa, aka kuwa sanya ta cikin yarjejeniya, sojoji suka janye ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Shekara biyu wasu maƙwabtansa ba sa amsa masa gaisuwa, daga bisani da kansu suka dawo.

Zuwan gada da tsufa

A 1989 ƙasashen biyu suka haɗa hannu suka gina gada. Kasuwa ta tashi daga mashigi ta koma bakin titi, manyan motoci suka maye gurbin jirage, garin ya bunƙasa har ya haɗiye gonakin gefensa. Masu fito da yawa suka shiga takaici, shi kuwa ya jawo jirginsa tudu ya kife, ya ce, "Kusan shekara arba'in ina roƙon kada ruwa ya ci mini mutum, bai kuwa ci ba. Yau an sauke mini kaya." Sauran rayuwarsa ya yi ta a ƙofar gida, yana gyaran taru da sasanta manoman tsibiri. Matarsa ta riga shi rasuwa a 2003.

Rasuwa

Allah ya karɓi ransa a 2011, yana da shekara saba'in da tara, bayan gajeriyar jinya. Ranar jana'izarsa mutanen ƙetare suka cika gada maƙil, har ma'aikatan iyaka suka ɗaga shinge suka bar su suka wuce ba tambayar takarda. An binne shi a maƙabartar tudu, kusa da matarsa.

Ya bar 'ya'ya biyar: babbansu ma'aikacin kwastan ne, mai bi masa ungozoma, sai direban babbar mota, sai malamar firamare, sai auta da ke noman gonar tsibiri. Uku suna wannan ƙasa, biyu suna waccan. Allah ya sa shi ma ya tsallake lafiya, amin.