Na'urar da Na Koya wa Tashi da Kanta

Shekarun baya, lokacin da ba a kwana biyu ba a ji 'yan ta'adda sun shiga wani gari a arewacin jiharmu ba, ina aiki da wata ƙungiya mai raba wa manoma iri da taki. Babban ofishinmu yana Jimeta, rassa kuma suna warwatse a ƙananan hukumomi. Ni ne mai kula da kwamfutoci. A takarda sunan muƙamina dogo ne mai daɗin ji, amma a bakin mutanen ofis ni dai Injiniya ne, wanda ake ƙwala wa kira in firinta ta cije takarda ko wayar wani ta ƙi caji.

Ainihin aikina shi ne bakof. Kowane reshe yana da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ofis. Kullum da safe wata manhaja da na girka a kanta takan kwafi aikin da aka yi jiya ta turo wa sabar Jimeta, don ko gobara ta tashi ko ɓarayi sun shiga, kada a yi asarar komai. A allon kwamfutata kowane reshe da layinsa. In kwafi ya iso, layin ya yi kore. In bai iso ba, ja. Ni kuwa Allah ya yi ni da ƙulafuci, in na ga ja guda ɗaya ko shayi ba ya wuce min maƙogwaro.

Akwai reshen da ya hana ni sakat, na wani gari can gindin duwatsu. Wutar gwamnati ba ta zuwa musu, sola ce da batira, intanet kuma da faranti ake kamo shi daga tauraron ɗan'adam. Batiran sun tsufa, kafin gari ya waye sun ƙare, sabar ta mutu tare da su. Rana na fitowa takan kunna kanta, wannan kam ba matsala. Amma manhajar bakof ɗin sai ta yi kwance abinta, sai mutum ya je ya tashe ta da hannu.

Mai tashe ta shi ne abokina, jami'in reshen. Ɗan kudancin jiha ne, Kirista, aiki ya kai shi can da iyalinsa. Dogo ne, in yana dariya har kafaɗunsa rawa suke. Kullum, har ran Lahadi kafin coci, sai ya hau babur da sassafe ya je ofis ya latsa, sannan ya kira ni.

“Oga Injiniya, na tashe gimbiyarka. Ya yi kore?”

“Ya yi.”

“To madalla. Ni dai ko kunu ban sha ba saboda shi.”

A kan wannan kiran muka zama abokai. In ya shigo Jimeta yakan riƙo min zuma, ni kuma in ja shi cin kifi bakin kogi, mu yi ta gardamar ƙwallo har a kira magariba.

Abin ya dame ni, don bai dace a ce magidanci yana barin 'ya'yansa suna barci saboda na'ura ba. Na zargi shingen tsaron netwok, na buɗe ƙofofi na rufe. Na zargi agogon sabar, na daidaita. Na canza kalmar sirri. Na goge manhajar na sake girkawa daga nesa, saura ƙiris in kulle kaina a waje. Har masu manhajar na rubuta wa, suka aiko min da dogon Turanci wanda ƙarshensa shi ne in gwada kashewa in kunna. Kai, na sha kunya a wannan reshen! Sai ran nan na zauna na bi rahoton da manhajar ke rubuta wa kanta layi bayan layi, sai ga matsalar a fili. Ashe riga farantin tashi take yi. Sabar na kunnuwa manhajar za ta nemi Jimeta alhali farantin bai gama kamo tauraro ba, ta ji shiru, ta yi zuciya ta kwanta, ba ta ƙara nema. Gyaran ɗan kaɗan ne. Na umarce ta ta jira netwok, in kuma ta nema ba ta samu ba, ta sake nema.

Na ce wa abokina gobe kada ya je. Washegari ina zaune layinsa ya yi kore da kansa. Na kira shi ina ta fankama kamar ni na ƙera tauraron.

“Shi ke nan ka sallame ni daga aiki,” in ji shi, yana dariya. “Yanzu wa zai riƙa gaishe ka da safe?”

Ba a jima ba aka shiga garinsu.

Wanda ya zauna Yola a lokacin ba sai an ba shi labari ba. Mutane suka yi ta kwararowa, wasu a bayan manyan motoci, wasu a ƙafa, ƙafafu a kumbure. Masallatai da coci-coci suka cika, makarantu suka cika. Gidanmu da ke unguwar Alkalawa, hatta zaure sai da aka shimfiɗa tabarmi. Na kira wayar abokina har na haddace muryar matar da ke cewa ba a samunsa. An ce an lalata eriyoyin sabis na yankin gaba ɗaya.

Bayan 'yan kwanaki sai ga matarsa a ofis, da goyo, da silifa wanda ka gani ka san na aro ne. Ta ce ta sauka gidan yayarta a unguwar Luggere. Ta ce a ranar, shi ya kwaso su a babur ya kai su inda wata motar kaya ke ɗibar mutane, sannan ya juya ɗauko mahaifiyarta, wadda ta zo wurinsu jinyar ƙafa, ba ta iya tafiya.

“Ni na ce ya koma, Malam,” ta ce. “Ni da bakina.”

Ta gyara goyonta, ta dubi kwamfutar da ke gabana.

“Kwamfuta ɗin da yake zuwa tashewa, ya yi magana yau?”

Wallahi tun da abin ya faru ban kula da layin ba, hankalina yana kan waya. Na juya na duba. Kore. Na ja baya na duba na jiya da na shekaranjiya, duk kore. Na juyo mata da allon na nuna mata. Sai ta durƙusa a wurin, ta dafa tebur, ta ce, “Na gode wa Allah. Yana nan da rai.”

Na buɗe baki in ce mata ai yanzu da kanta take tashi, ni na gyara, ba ta bukatar kowa. Maganar ta zo min har leɓe ta tsaya.

Daga nan ta mai da shi aiki. Kullum da hantsi za ta tako daga Luggere, mai sharar ofis ta ajiye mata kujera kusa da ƙofata. Ta gaishe ni, ta tambaya, in juyo mata da allon. Ta kalli koren na ɗan lokaci, ta ce sai gobe. Ba ta taɓa neman ko kwabo ba, ruwa ma sai an matsa mata.

Abin da ba ta karantawa shi ne ɗan rubutun da ke gefen koren, inda manhajar ke faɗin abin da ya canza tun kwafin jiya. Kullum amsa ɗaya ce, babu. Ba a buɗe komai ba, ba a rubuta komai ba. Ga ofis can a tsakiyar garin da kowa ya gudu, rana na fitowa na'ura ta tashi, ta jira netwok kamar yadda na koya mata, ta gaishe da Jimeta, ta ce lafiya lau. Na san abokina. Da ya samu ya shiga ofis ɗin ko sau ɗaya, da ya bar min alama, ko harafi ɗaya ne, don ya san zan gani. Kullum kafin ta iso sai na bincike kwafin kaf ina neman wannan harafin. A lokacin na ji haushin gyaran nan da na yi alfahari da shi, don da ban taɓa shi ba, da koren yana da ma'ana.

Da abin ya ishe ni na faɗa wa mahaifiyata. Tana tsinke zogale, ba ta ko ɗago ba.

“Ta tambaye ka ko yana da rai?”

“A'a, Dada. Cewa take ko ya yi kore.”

“To ka amsa abin da aka tambaye ka. Sauran ba a hannunka yake ba.” Ta ƙulla garin masara a leda ta ce in ba ta saboda yara.

Haka muka yi ta tafiya har ranar da layin ya yi ja. Na yi duk dabarar da na sani, na nemi sabar, na nemi farantin, shiru. Da ta zo na ce mata wataƙila hadari ne, ko batiran ne suka gaza. Ta gyaɗa kai ta ce, “Gobe.” Goben ma ja. Ta ƙara zuwa sau kaɗan, sannan kujerar ta zauna ba kowa.

Sai bayan sojoji sun karɓe garin labari ya fito. Wani maƙwabcinsu da ya ɓuya a kan dutse shi ya zo da shi. Ya ce a ranar farko aka tare su a bakin gari, shi da tsohuwar a kan babur, aka kashe su. Wato duk koren nan da muka yi ta kallo, babu ko ɗaya da ya zo abokina yana da rai. Na je gaisuwa Luggere, na zauna cikin maza a ƙarƙashin rumfa, ana ta waƙoƙin coci a cikin gida. Ban iya haɗa ido da ita ba.

Bayan an share makoki ta zo ofis yin sallama, za ta koma garinsu a kudu da yaran. Ta bi kowa ta yi godiya, sannan ta shigo wurina ta zauna a kujerar tata. Na ce yau kam sai na faɗa.

“Madam, akwai maganar da ban gaya miki ba game da koren nan.”

“Cewa yana tashi da kansa?” ta ce. “Na sani, Malam.”

“Kin sani?” na ce.

“Washegarin ranar da ka gyara, bai fita ba. Ya zauna ya sha kunu da yara, ya ce Injiniya ya dawo masa da safiyarsa. Tun daga ranar shi yake musu wanka, shi yake kai su makaranta. Wannan ƙaramin da ke bayana ma a lokacin ya saba da hannunsa.”

“To me ya sa kike zuwa?” na tambaye ta.

“A gidan yayata kowa kallon tausayi yake min, kamar an riga an binne shi. Nan ne kawai wani abu daga can yake amsawa. In na gan shi kore, ina iya komawa in dafa wa yara abinci.” Ta share ido da bakin zane. “Na ga fuskarka tun ranar farko. Na gode da ba ka faɗa ba. Da ka faɗa da bakinka, da ba ni da inda zan je da safe.”

Ni da nake ganin ni nake riƙe da ita, ashe ita ma lallaɓa ni take. Na sunkuyar da kai, hawaye suka zubo min a gaban matar mutane, ban ko ji kunya ba.

Ta miƙe za ta tafi, sai idonta ya kai kan jan layin.

“Har yanzu kwamfuta ɗinka yana kiran can?”

“Kullum. Shi ma na nan ɗin na ce masa in bai ji daga can ba ya sake nema.”

“Ka ce masa ya huta,” ta ce. “Ba wanda zai ɗauka.”

Bayan ta fita na kulle kwafin ƙarshe na reshen yadda ba zai goge ba, sannan na shiga saitin manhajar na cire sunan sabar. Manhajar ta tambaye ni ko na tabbata. Na daɗe hannuna a kan linzamin kwamfuta kafin in ce eh.

Har yau wannan aikin nake yi, a wani wurin daban. Kayan aiki sun canza, matsalar da ta cinye min makonni yanzu ba a ma saninta. Abokan aikina suna min tsiya wai ni kaɗai ne in na ga kore ba na yarda sai na leƙa na ga ko wani ya taɓa wani abu jiya. Nakan yi dariya in ce tsufa ne. Haushin gyaran nan ya daɗe da barina, don in na tuna shi yanzu, abokina nake gani zaune da kofin kunu yara sun kewaye shi. Amma zafin bai tafi ba, kuma ban ga alamar zai tafi ba.

Abin da ya fi tsaya min shi ne safiyar da ta biyo bayan cire sunan. Na shigo ofis na kunna allo, ga layuka duk kore daga sama har ƙasa, babu ja ko ɗaya, abin da na yi shekaru ina nema. Na ajiye waya a kan tebur kusa da shayi, na zauna. Shayin ya huce, ba wanda ya kira ya tambaye ni ko ya yi kore.