Ranar da Inna Kulu Ta Tafi Neman Kuba a Kwalekwale

Duk wanda ya taɓa gaida Inna Kulu a rumfarta ta kasuwar albasa ya san babban yatsanta. Kana miƙa gaisuwa tana miƙo hannu, ta kama damtsenka ta latsa, yadda take latsa wuyan albasa ta ji ko ruɓa ta fara daga ciki. Ta latsa jarirai ranar suna, ta latsa angwaye, ta latsa burodi da katifa da tayar kamiyo, babbar motar kaya. Har jandarma ta taɓa latsawa a bakin gada. Mutumin ya tsaya baki buɗe, ita kuwa ta ce, "Kai ɗan nan ba ka cin abinci, kakin ne kawai." Maganarta kuma ku duka kun haddace ta: "Abin da ban taɓa da hannuna ba, labari ne."

To ni Zali, da ta raine ni tun rasuwar uwata, na sha wannan yatsa fiye da kowa a Malanbil. Amma abin da ta yi mini a Kwatano, kaɗan daga cikinku sunka ji shi daidai.

Zamanin juyin juya hali ne, soja na mulki, kowa ya koma kamarad, haka ake kiran babba da yaro. Gwamnati ta ƙulla abota da Kuba, anka buɗe wata makaranta a Kwatano dab da bakin teku, inda ake koya wa masu tafiya can Sifaniyanci. Na gama nawa koyon, sai anka riƙe mu kaɗan mu yi sitaj, wato mu koyar da sababbin zuwa. Wadda aikinta ya gamsar da darakta, ita za a tura Kuba ta zama cikakkiyar malama. Wallahi ina son tafiyar nan kamar raina. Sai dai yarda biyu nake nema, ta darakta da ta Inna. Ko gwamnati ta ɗauke ni ta sa cikin jirgi, in Inna ba ta ce tafi ba, na san sauka zan yi.

Na zo hutu, na zauna kan buhun albasa ina yi mata bayani.

Ta ce, "Ina ne Kuban?"

Na ce, "Bayan teku, Inna. Sai an ƙetare ruwa."

"A'a! To ai kamar Gaya, nan ƙetaren kogin Kwara."

"Ba kamar Gaya ba. Da nisa ƙwarai."

"Akwai duwan masu binciken kaya?"

"Akwai."

"Akwai kasuwa?"

"Akwai mana."

"Suna cin albasa?"

"Ina jin suna ci."

"To mi ya raba ta da Gaya? Ke dai boko ya koya miki kumbura abu."

Na ɗauko taswira na shimfiɗa mata. Na nuna Kwatano, na nuna Kuba, na nuna shuɗin da ke tsakani. Ta ɗora yatsu biyu ta latsa, ruwan ya ɓace ƙarƙashinsu. Ta dube ni ta ce, "Wanga ne nisan?" Na naɗe taswirata. Ƙarshenta ta ce ba ta hana ba, ba ta yarda ba, sai ta je ta gani. Ta bar wa maƙwabciyarta rumfa, ta hau gaban kamiyon albasa, ta bi ni har Zangon Kwatano.

Na ɗauka kasuwa za ta riƙa tafiya. Ina! Washegari ina shiga aji na tarar da ita a baya, ta shimfiɗa tabarma, ta aje buta. Ɗalibaina kuwa ba yara ba ne, ma'aikata ne da sojoji, har da wani kaftin mai gashin baki wanda ko tari ya yi sai ajin ya yi tsit. Ya juya ya ce mata da Faransanci, "Kamarad, nan ba wurin zama ba ne." Na fassara mata. Ta ce, "Wa ke kamarad? Gaya mishi ni sa'ar uwarsa ce." Ta miƙa hannu ta latsa shi. Daga ranar kaftin ke kawo mata kujera, ita kuma ba ta taɓa zama a kanta ba.

Darasin farko na Sifaniyanci, tambaya da amsa ne, a maimaita har baki ya saba. Inna ta yi kwanaki tana saurare, sannan ta tsare ni a gida in gaya mata abin da muke cewa. Na gaya mata. Kashegari na tsaya gaban kaftin na tambaye shi sunansa, sai na ji daga baya:

"Zali! Jiya ya gaya miki. Shekaranjiya ma ya gaya miki. Ki bar wulaƙanta babban mutum. In ba ki iya riƙe suna, ni in riƙe miki."

Na ce, "Inna, koyo ne."

"Sunansa zai koya? Da wanga gashin bakin?"

Ranar darasin tambayar hanya kuwa, wani magatakarda ya tashi ya ce yana neman tashar jirgin ƙasa. Inna ta tambaye ni mi yake so. Ina gaya mata ta miƙe, ta kama hannun mutumin ta ja shi har bakin titi, tana nuna masa inda zai karya kwana. Shi ko kunya ta hana shi ƙwacewa. Bai komo ba sai da anka kusa tashi. Na kama alli ina ta rubutu a allo don kar su ga fuskata, ban san dariya zan yi ko kuka ba.

Duk wannan darakta ba ta nan, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ni kuwa kullum gabana na faɗuwa, don na san ranar da ta shigo ta ga tabarma da buta, ni da Kuba sai a taswira. Ranar ta zo. Ƙofa ta buɗe, Madam darakta ta shigo, mace baƙa wuluk, doguwa, mai faɗin goshi. Inna ta ƙura mata ido.

"Wagga ce Baturiyar taku?"

Na ce, "'Yar Kuba ce, Inna. Don Allah ki yi shiru."

Wane shiru! Ta tashi ta gaida Madam da Dandanci. Madam ta yi murmushi. Inna ta sauya Zabarmanci, ta sauya Barganci, ta jaraba ɗan Yarbancin kasuwa. Sannan ta juyo ta ce, "Tana ji, girman kai ne. Dubi goshin, na mutanen Karimama ne. Na san gidan."

Madam ta ce in fassara. Na so in yi ƙarya, harshena ya ƙi. Na faɗa mata tiryan-tiryan, ina jiran ta nuna mana ƙofa. Sai matar nan ta zauna kan bencin ɗalibai, hawaye na zuba. Ta ce kakar kakarta daga wannan gaɓar anka loda ta zamanin cinikin bayi, kuma babu wanda ya san garinsu. Ta ce tun da ta zo ƙasar nan, yau ne wani ya fara ce mata ga gidanku.

Na juya wa Inna maganar cikin nutsuwa, ina cewa yau dai za ta gane. Ta tafa hannu. "Kun ji ko? An ƙetara da ita, ga ta ta komo. Ina nisan?"

La'ilaha illallahu! Daga nan sunka ƙulle. Ana tashi daga aji sai su zauna ƙarƙashin itacen kwakwa, Inna na zuba Hausa, Madam na zuba Sifaniyanci, suna ƙyalƙyata dariya, wani lokaci har su yi musu. In na matso in fassara, su duka biyu su kore ni da hannu. Har yau ban san abin da sunka tattauna ba. Kuma ban san ko wannan ƙawance gyara mini yake yi ko ɓata mini ba, don Madam ba ta ce da ni komi ba.

Abu guda ne ya tsaya wa Inna a rai. Kullum la'asar sai ta je bakin teku ta kare ido da tafin hannu, ta daɗe tana hange. Ta komo tana mita: "Idona ne ya tsufa. A gida daga nan kana ganin matan Gaya suna wanki."

Ranar babbar jarrabawata ta zo, ranar da zan koyar Madam na zaune tana kallo, daga nan ta yanke. Na shiga aji, babu tabarma, babu buta. Ni da na yi ta roƙon Allah ya ɗauke mini Inna daga ajin nan, yau ya ɗauke ta, kuma kaina ya kwance. Na tambayi kaftin sunansa, na tsaya ina jiran a tsawata mini daga baya. Na rubuta kalma na goge, na sake rubuta ita ɗin dai. Ina cikin wannan sai ga matar gidan da munka sauka a Zango, mayafi a hannu, tana haki.

"Zali, innarki ta shiga teku!"

Ashe tun sassafe ta je wurin masunta, ta ba su buhun albasa, ta nuna musu gaba da yatsa. Su sun ɗauka yawon shan iska tsohuwa take so. Ajin duka munka zuba a guje, har Madam da kaftin da takalman soja. Munka tsaya a rairayi rana na dukanmu, ba abin da muke gani sai ruwa. Ina kuka ina zaginta a zuci, ina kuma roƙon Allah ya maido mini ita ko da za ta zauna a ajin har abada.

Sai da rana ta karkata kwalekwalen ya ɓullo. Igiyar ruwa ta cillo shi kan rairayi, ga Inna kwance cikin kifi, jiƙe sharkaf, kallabi ya tafi. Matar da ke alfahari an haife ta a bakin Kwara, ba ta taɓa jin jiri a jirgi ba, masunta sunka ce ta amayar da duk abin da ta ci tun Malanbil. Babbansu yana dariya yana ba kaftin labari: ko'ina sunka kai sai ta ce a ƙara gaba kaɗan, a ƙara gaba kaɗan, har ƙasa ta ɓace a bayansu. Daga nan ba ta ƙara magana ba. A ƙirjinta kuwa ta rungume wani ƙulli. Albasa ce zaɓaɓɓiya da busasshen kifin gida, tsarabar da za ta kai wa dangin Madam.

Munka zaunar da ita. Ta daɗe tana numfashi, sannan ta ce, "Zali, babu Gaya."

Kaftin ya fashe da dariya da anka fassara masa, ni ma na yi, cikin hawaye. Ita ba ta yi ba.

"Babu komi. Gaba ruwa, baya ruwa, ruwan ma ba ya shayuwa." Ta ɗaga kai ta dubi Madam. "Ashe nan anka bi da kakarta. Tambaye ta, cikin waɗanda anka ƙetara da su, wa ya komo?"

Na tambaya. Madam ta girgiza kai, ta dafa ƙirjinta. Wannan bai buƙaci fassara ba. Inna ta miƙa mata ƙullin da hannu biyu.

Na san magana ta ƙare. Jarrabawa na ɓata ta, Inna kuma ta ga abin da ta gani. Na durƙusa gabanta na ce, "Inna, na fasa. Mu koma gida."

Ta harare ni da jajayen idanu. "Wa ya ce ki fasa? Wagga wahala da na sha, banza na sha ta? Da ina ganin kusa ne, shi ya sa ban ɗauki maganarki da nauyi ba. Yanzu na san abin da kike roƙo." Ta share bakinta da gefen zane. "Ki tahi. Amma ke za ki komo, da ƙafarki. Kar ki aiko mini jikanya wadda ba ta jin gaisuwa."

Madam ta zaɓe ni. Da wane dalili, bayan wancan darasin? Na tambaye ta sau da yawa a Kuba, kullum dariya take yi ta sauya zance.

Na yi shekaruna can, na gama, na komo da ƙafata yadda ta ce. Na sauka daga mota a bakin kasuwa da akwatina, na nufi rumfa, na tarar da wata a zaune. Ashe Inna ta rasu, damina guda ce ta raba mu. Ku kunka yi mata wanka, ku kunka kai ta, wannan ɓangaren kun fi ni sani. Ni dai na cika nawa alkawarin, ita ce ba ta jira ba, kuma har yau ina jin haushinta a kan haka.

Allah ya jiƙan Inna Kulu, ya yafe mata, ya haskaka makwancinta. Ya Allah, ita ta sake ni alhali ta san nisan, kai ma ka sassauta mata hanya. Amin.