Kujerun Jirgin Sama a Rumfar Mai Shayi

Kawuna manomin shinkafa ne a Bagudo, kuma sau ɗaya tak ya taɓa hawa jirgin sama, lokacin da aka kwashe su daga Birnin Kebbi zuwa taron manoma a Abuja. Ƙaramin jirgi ne, irin masu zirga-zirgar cikin gida. Ya dawo da tarihinsa kaf, wai maƙwabcin kujerarsa ya ba shi. Jirgin yana da wa da ƙane, dogo da gajere, duk gida ɗaya aka ƙera su. Sai da suka yi wa Turawa bauta har suka tsufa, sannan aka shafa musu sabon fenti aka turo mana, kamar motocin Kwatano.

Bayan wasu shekaru wani ɗan gwanjo ya shigo da kujeru haɗe da juna ta iyakar Benin, ya baje su a kasuwar Lolo, ya ce daga jirgin da aka yi wa ritaya aka ciro su. Mai shayin tasharmu ya saye su. Aka kira Kawu ya duba. Ya zagaya, ya shinshina, ya ce, "Na ƙanen ne. Ni na san su."

Tun daga ranar ya kama kujerar gefe, wai ta taga ce, alhali langa-langa ne a wurin. Ba ya kurɓar shayi sai ya ɗaura bel ɗin kujerar a ƙugu, mu ma ya tilasta mana.

Wata safiya ina zaune kusa da shi, wani bijimi ya ƙwace wa makiyayi ya nufo rumfar. Ni dama ɗora bel ɗin kawai nake yi a cinya, sai na tsallake benci. Kowa ya watse. Kawu ya ja ƙarfen bel ɗinsa, tsatsa ta riƙe shi gam.

"Ku taho ku kwance ni! Mi kuke jira?"

Babu wanda ya taho. Bijimin ya tsaya gabansa, ya yi masa huci a fuska, ya lashe burodin da ke tebur, sannan mai shi ya zo ya ja shi. Da wuƙar yanka burodi aka fitar da Kawu, gumi ya jiƙa masa riga.

Mako guda bai yi mini magana ba. Da ya koma rumfar, kan benci ya zauna, ya ce dama ƙafafunsa ba sa miƙewa a waccan kujerar.