Yatsan da Faransancina Ya Ci

Salamu alaikum, ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta. Tun kafin in yi nisa bari in sauƙaƙa maku aiki: in kuna neman wawan da ke cikin wannan labari, kada ku wahala, ni ne. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na ƙauyenmu ba, ya isa ku san yana tsakanin Agiye da Gazawa, ɗan nesa da babbar hanya. Wanda ya gane ni ya yi dariyarsa a ciki, ya rufa mani asiri.

Lokacin da abin ya faru ni dattijo ne mai ji da kansa. Na yi shekara huɗu a lakol, makarantar boko, kafin mahaifina ya ga gona ta fi bukatata, daga baya na yi ƴan shekaru ina aikin falanto a buro, wani ofis a Agiye, wato mai kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan. Takardun da na ɗauka a hannu sun fi waɗanda na karanta yawa nesa ba kusa ba. Amma da na koma gida noman gero da gujiya da aya, sai na zama ni ne mai Faransancin unguwa. Katin gayyatar biki, takardar ƴan siyasa, rubutun jikin buhun taki, duk wurina ake kawowa. In sa tabarau, in gyara murya, in karanta abin da na gane, wanda ban gane ba in cike shi daga kaina. Har Mushe ake ce mani, laƙabin girmamawa na Faransanci, kamar malamin lakol, ina amsawa da fara'a, ban taɓa tsayawa na tuna abin da kalmar ke nufi da Hausa ba.

Ciwon ya shigo mani a hankali. Ƙishirwa ba ta ƙarewa, in sha buta guda kamar na zuba a rairayi. Fitsari kuwa, alwala ɗaya ba ta kai ni daga azahar zuwa la'asar. Na rame har mazagin wandona ya yi mani yawa. Matata, wadda muka tsufa tare, ita ta lura tururuwa na taruwa inda nake tsugunawa bayan ɗaki, ta matsa mani sai na je likita. Na hau kabu-kabu ni kaɗai, na ce mata ba sai ta bi ni ba, ai ni da masu aikin can harshe ɗaya muke ji.

Majon da na tarar, wato mai duba marasa lafiya a wurin, mace ce, ba ta wuce sa'ar ɗiyata ta biyu ba. Ta soki yatsana, ta ɗiga jinin a wani ɗan abin awo, ta dube shi ta dube ni. Ta sa na koma washegari ban karya ba, aka sake. Sannan ta ce Baba, ciwon suga ne. Na ce to ai da sauƙi, daga yau na bar sa suga a shayi. Ta ce ba nan kaɗai take ba. Da Hausa tsantsa ta yi mani bayani cewa tuwo da hura da shinkafa da burodi da rogo, in sun shiga ciki suga suke komawa, jikina kuwa ya daina iya sarrafa shi. Na yi dariya, na tambaye ta ko ta taɓa tauna gero ta ji zaƙi, don ni na fi shekara hamsin ina noma shi ban ji ba. Ba ta biye mani ba. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ba ni wata takarda bugaggiya mai layi biyu na sunayen abinci, ta ce in kai gida a karanta wa mai yi mani girki, kuma in riƙa dawowa awo.

To a nan ne ilimina ya yi aikinsa. Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma, na kira matata, na sa tabarau. A saman layin farko an rubuta wata kalma da ake faɗi ebite. Ni kuwa na san anbite, don ita ce a kan kowane katin biki, ma'anarta gayyata. Na ce mata wannan layin, abincin da aka gayyata ke nan. Na karanta mata su tiryan-tiryan, don sunayen abinci na san su: gero, dawa, shinkafa, taliya, burodi, rogo, dankali. Suga da lemun kwalba ma suna ciki, sai na tsallake su, na ce wa raina mai bugawa ne ya yi kure. A saman layi na biyu an rubuta kwanseye. Wannan kuma ko yaro ya san kwansaye, mutumin da muke zaɓa ya je ya zauna a meri, ofishin magajin gari. Na ce mata wannan layin na manya ne, abincin kwansaye, shi ya sa ta ga ƙwai da kifi da nama a ciki, ganyayen da aka lissafa kuwa irin na Turawa ne, ba ruwan talaka da su. Ta ce ikon Allah, ashe ciwon ma ya san mai hali da marar hali. Ta karɓi takardar, ta naɗe a leda, ta sa ƙarƙashin kwanukanta.

Ita ba ta yi lakol ba, amma in ta riƙe magana ta riƙe ta. Tun daga ranar ta ɗauke gwangwanin suga ta ɓoye, ta kuma ƙara mani malmalar tuwo. Da hantsi hura cike da ƙwarya, da rana shinkafa in akwai, da maraice tuwo, da safe ɗumame. In na ce na ƙoshi sai ta ce Malam daure, magani ne. Da hannunta take surfe, da hannunta take daka, ga ciwon baya, ba ta yarda wani ya dama mani hura don kada a yi kuskuren sa zaƙi. Ƙwayoyin sun ɗan rage mani ƙishirwa, sai na ga ai na warke, na bar zuwa awo, in sun ƙare in aika farmasi a sayo.

Yanzu ga wurin da ya fi yi mani nauyin faɗi. Da a ce kuskure ne kawai, da sai in ce ƙaramin karatu ne ya ja mani. Amma majo ta faɗa mani da Hausa, kuma kunnena lafiya lau. Bayan haka ma, wata ranar kasuwar Gazawa na tsaya inuwar wani bango, sai na ga hoton sauro ƙato an ja mashi jan layi, a ƙasa ga kalmar nan ebite. Na daɗe ina kallo. Na ce a raina, duk duniya ba mai aika wa sauro katin gayyata. A nan na gane sarai. Na koma gida, aka kawo mani hura, na shanye. Abu biyu suka rufe mani baki: daɗin hurar, da kunyar in ce wa matar da ta yi shekara arba'in tana ganin mijinta masani ne cewa ban iya ba. Haka muka yi damina biyu.

A kakar ta biyu, muna girbi, na taka kututturen kara ya huda ƙaramin yatsan ƙafata ta hagu ta gefen takalmi. Ban ji komai ba, sai da na zo alwala na ga jini. Ashe tafin ƙafar ya daɗe da mutuwa, ni ina cewa kaushi ne. Na sa toka na ɗaure da tsumma. Kwana goma ciwon bai kame ba, ya fara ruwa, yatsan ya yi baƙi, kumburi ya hau har idon sawu, ga wari. Wannan karon matata ba ta tambaye ni ba. Ta sa aka ɗaura amalanke, ta zauna kusa da ni, ta ɗauko ledar nan ta soke a zanenta.

Majon nan dai muka tarar. Ta kwance tsumman, ta yi awo, fuskarta ta canza. Ta tambaye ni ko ina bin abin da aka ce game da abinci. Kafin in buɗe baki matata ta amsa, da alfaharinta, cewa ko kwana ɗaya ba a saɓa ba, duk abin da takarda ta gayyata shi take ba ni, har ƙari take yi, abincin kwansaye kuwa ba su da halinsa. Majo ta ce wace takarda, wane kwansaye? Matata ta warware leda ta miƙa mata. Na so ƙasa ta tsage. Na zaci yarinyar za ta yi dariya, da ta yi ma da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta jawo kujera ta zauna gaban matata, ta ce Inna, bari in karanta maki. Ebite, a guje shi ke nan. Kwanseye, wanda aka ba da shawara a ci. Ganyayen Turawan nan kuwa zogale ne da rama da kuɓewa da yakuwa, waɗanda ke bayan ɗakinmu. Matata ta saurara har ƙarshe. Ba ta dube ni ba. Tafin hannuwanta ta buɗe tana kallo, ta ce a hankali, ashe da hannuna.

A ranar aka tura mu Maradi. Lokotoro, babban likitan can, ya ce za su cire yatsan, in kumburin ya sauka shi ke nan, in ya ci gaba da hawa sai ƙafar daga ƙasan gwiwa. Manomi kuma ya san abin da wannan ke nufi. Na yi kwanaki a gado ana allurai, kowace safiya in an buɗe bandeji ina leƙen inda jan ya tsaya. Matata na gefe, tana ba ni abin da aka ce, tana wanke mani tufafi, amma in ban da ungo da tashi, ba ta ce mani komai. Wannan shirun ya fi wuƙar lokotoro zafi. Allah ya taimake ni kumburin ya sauka. Na bar yatsa ɗaya a Maradi, na dawo da sauran. A mota kan hanyar komawa na roƙe ta gafara, na faɗa mata har labarin sauron. Ta ce ta ji. Sai da muka wuce Cadawa ta ƙara da cewa ta yafe, amma daga yau ko rubutun jikin ashana na karanta mata sai ta nemi shaida.

Yau shekara uku ke nan ina kan sabon tsari, kuma ga yadda yake, don mai irin ciwona. Da safe kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko awara, ko dafaffen ƙwan zabi in lokacinsa ne. Da rana nono tsagwaronsa, ba gari ba suga, da ɗan gujiya. Da maraice miya ce uwar abinci, kuɓewa ko kuka ko rama, da ɗan kifi busasshe, tuwon kuwa bai wuce dunƙulen hannuna ba. Wake ina ci daidai gwargwado. Hura sai dai mu gaisa daga nesa. Ba zan yi maku ƙarya ba, watannin farko na sha wuya, mutumin da ya cika rumbu da gero ya zauna yana kallonsa. Akwai ranar da na ji jiri da rawar jiki da gumi a gona, da na koma majo ta ce sugan ne ya yi ƙasa da yawa tunda abincin ya ragu, ta gyara mani ƙwayoyin. Shi ya sa ba a yin wannan tsari da ka, kuma ba a ajiye magani don an canza abinci. Yanzu awo na kyau, ƙishirwa ta tafi, ina noma gonata da kaina, kowace alwala kuma sai na duba tsakanin yatsuna tara.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma na saye shi da tsoka. Ciwon suga ba ruwansa da abin da harshe ya ji, abin da ciki ya mayar shi yake bi. Ƴan uwana tsofaffi masu guntun karatu, in an ba ku takardar likita, ku ce a fassara maku a nan take, ban gane ba ba ta taɓa kashe kowa ba. Ku tafi da mai yi maku girki ta ji da kunnenta, don ita ce mai maganin na gaskiya. Ƙaramin ciwo a ƙafa kuma kada ku ba shi kwana. Kada kuma wani ya yi wa matarsa abin da na yi wa tawa, ya sa ta wahala tana cutar da shi tana zaton jinya take.

Halin tsiya dai ba ya barin mutum gaba ɗaya. Shekaranjiya ta ajiye mani kwanon zogale, na dube shi na yi tsaki, na ce yanzu ni da akuyar gidan nan ba mu da bambanci, gara ma a ɗaure ni a turke ɗaya da ita a huta. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsinkar ganyen da take yi.

Ta ce, “Akwai bambanci, Malam. Ita ƙafa huɗu gare ta, ko an cire ɗaya ta kai kanta gida. Kai biyu ne, ɗayar ma ba ta cika ba. Ci ganyenka.”

Na ja kwanon gabana, na yi bisimilla.