Malam Haliru Mai Zanen Ƙeya

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da munka rufe Malam Haliru. Na so in yi shiru kamar bara, sai ga shi ran kasuwa na iske mai ɗaukar hoto ya kafa akwatinsa gindin durumi, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, maniyyata sun jeru ana ɗaukar su don takardar tafiya Makka. Har da wani babban malami na unguwarmu, ya gyara rawani ya ƙura wa gilashi ido. Na tsaya ina dariya ni kaɗai. Da Haliru na nan, da na jawo shi da hannu ya zo ya gani.

Taubashina ne, ɗan gwaggona, don haka kada mai karatu ya ji ina tsokanar mamaci ya ce ba ni da ladabi. Tun muna yara nake tsokanarsa, mutuwa kuwa ba ta soke taubasantaka.

Shi malamin makarantar gwamnati ne nan Sakkwato, lokacin da mutane ke ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu in sun ji za a ɗauki yara boko. Ni kuwa fataucin goro na yi da ƙuruciya, na san Gwanja, ina jin bakin mutanen can kaɗan-kaɗan. To, wata shekara Baturen makaranta ya shirya a kai yara shida su yi 'yan watanni a wata makaranta kusa da Ankara, can kudu da Gwanja, bakin teku, daga baya na can su zo mana. Anka ce Haliru ya raka su, ni kuma in bi su tafinta.

Iyaye sunka ƙi. Ƙetare teku, ƙasar da ba a san abin da ake yanka musu ba? Wanda ya fi kowa taurin kai shi ne Umaru mai cinikin shanu a kara, uban wani yaro Dikko. Haliru ya yi ta sintiri zaurensa. Daga ƙarshe ya yi masa alkawari, shi da sauran iyayen, cewa duk inda yaran sunka kwana, da abin da sunka ci, da inda sunka yi salla, zai zana shi a takarda ya kawo su gani da idonsu, tunda rahoton Bature ba mai iya karanta shi cikinsu. Umaru ya kai mu Hubbare munka yi ziyara, a bakin ƙofa ya kama hannun yaron ya sa a na Haliru, ya ce amana.

Hannun zane Haliru ya samo shi tun yana yi wa allunan sauka zayyana. Amma yana da doka guda: ba ya zana fuska. Malamansa sun gaya masa mai suranta abu mai rai za a ce ya busa masa rai gobe ƙiyama. Sai ya yi wa kansa fatawa, wai in ba ido ba baki, ba sura ba ce. Kowa ta baya yake zana shi. Na ce masa, taubashi, ashe ƙeya ba ta da rai? Ya ce tawa dai ba ta da shi, ya zana ni da wata ƙeya kamar tulu, yara sunka yi ta dariya daga Ƙaura har Zariya.

Haka munka tafi, shi da littafinsa bisa gwiwa da guntun fensir a bayan kunne. Ya zana jirgin ƙasa da hayaƙinsa, da gadar Kwara. Ya zana jirgin ruwan da munka shiga a Ikko, da kujerar da ake ɗaura wa igiya a sauke mutum cikin kwalekwale, don jirgi ba ya iya matsowa gaɓar Ankara. Ni da ke cika baki na san duniya, ni na fi kowa salati a kujerar nan, kuma ya zana ni ina riƙe da hula. Ya zana gadajen yaran, da tukunyar da mahaucin zangon Hausawa ke kawo mata nama, da inuwar mangwaron da ya zaɓa musu masallaci. In 'yan makarantar can sunka leƙa littafin, sai su tambaye ni ko mutanen Arewa fushi suke yi da mai zane, kowa ya ba shi baya.

Yanzu ina ganin yaranmu na tafiya har Ingila, iyaye na raka su da murna, har ana roƙo a sa sunan ɗa. Ban san abin da Haliru zai ce ba. Ina jin zai yi murna, ina kuma jin zai tambaya a hannun wa anka sa nasu.

Ana saura kaɗan mu dawo zazzaɓi ya kama Dikko. Likita ya yi abin da zai iya. Haliru bai bar gefen gadon ba, yana yi masa tofi yana jiƙa masa goshi, har wata safiya bayan an idar da salla yaron ya cika. Hausawan zango sunka taya mu sutura, munka rufe shi a maƙabartarsu, cikin jar ƙasa wadda ba irin tamu ba. Haliru ya zauna ya zana kabarin da itacen da ke kansa da hanyar da za a bi a same shi. Ranar ban tsokane shi ba.

Anka buga waya Sakkwato, labari ya riga mu isa. Abin da ya hana Haliru sukuni a hanya shi ne uwar yaron. Ya ce mini uba namiji ne, ya ga ɗansa ranar tafiya, ya yi masa addu'a. Ita fa? Ba gawa, ba kabarin da za a nuna mata. Ga littafi cike da Dikko, Dikko a jirgi, Dikko yana alwala, kuma ko wuri guda ba fuskarsa. A jirgin ƙasa, mun wuce Jebba, ya buɗe sabon shafi ya ce mini:

"In zunubi na, ni ɗauka. Tuna man yadda hancinai yake."

Na faɗi abin da na tuna. Ya tambayi sauran yaran, wanga ya ce idonsa manya, wancan ya ce a'a. Ya zana ya goge, ya zana ya goge, har takardar ta huje. Fuskar da ta fito ta kowa ce, ba ta Dikko ba. Mutumin da bai taɓa koya wa hannunsa ido da baki ba, ba rana guda zai iya ba. Ya rufe littafin, bai ƙara buɗe shi ba har gida.

Da munka isa, kafin mu ga iyalinmu munka nufi gidan Umaru. Ya karɓe mu a zaure, bai ce ina amanata ba, da ma ya ce da ya fi sauƙi. Ya ce Allah ya ba da, Allah ya karɓa, ya sa anka kawo mana ruwa. Haliru ya nuna masa zanen kabarin. Sannan ya buɗe wani shafi, inda yaran shida ke tsaye bakin teku ranar da sunka fara ganinta, duk sun ba da baya. Ya ba wata tsohuwa ta gidan littafin ta shiga da shi ciki wurin uwar yaron, ya ce ta roƙar masa gafara, ya so ya kawo fuskar yaron bai iya ba. Don ruɗewa bai ko nuna mata wanne ne Dikko ba.

Munka zauna muna jira. Can sai munka ji motsi bayan asabarin ƙofar ciki, murya ta yi sallama a hankali. Uwar ce.

"Malam, na ga yaron. Shi na na biyu daga hagu, mai karkata kai."

Haliru ya ce shi ne, ya fara ba ta haƙuri kan fuskar. Ta katse shi.

"Bari ba ni haƙuri. Ɗan fari na. Tun da anka yaye shi ban kalli idonai ba, ban kira sunanai ba. Sai ya juya za shi hita nika ɗaga kai in dube shi. Haka nis san shi."

Mu duka mun san kunyar ɗan fari, uwayenmu sun yi ta, amma ba wanda ya kawo ta a ransa duk tsawon hanyar nan. Haliru ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba bisa rigarsa. Da tsohuwar ta fito da littafin, ya ari wuƙar Umaru ya yanke shafin, ya miƙa ta ƙarƙashin asabari.

Ya ci gaba da koyarwa har ciwon da ya tafi da shi, amma bai sake yarda ya raka ɗan kowa ko nan da Gusau ba. Yaran Ankara da sunka zo, shi ya riƙa kwana ƙofar ɗakinsu har sunka koma lafiya. Bai tara komai ba. Ɗalibansa sun zama manya a ofisoshi, wasu na tuna shi, wasu sai an tuna musu. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da yaron a inda ba zazzaɓi.

Ko fatawarsa ta ƙeya za ta karɓu, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ni ba malami ba ne. Abin da na sani, Umaru ya rasu, uwar Dikko na nan da rai, ta tsufa. Matata ta je mata barka da salla, ta ce takardar na cikin kwallarta, naɗe a ƙyalle. In ɗaki ya yi shiru takan fiddo ta, ta kalli ɗanta iya son ranta, ba ta jin kunya, don ta san ba zai waiwayo ba.